Yadda Ake Zuwa Kallon Babbar Gasar Ƙwallo a Babban Birnin Ƙasa: Rabat a Matsayin Misali

Wanda bai taɓa zuwa kallon gasa a ƙasar waje ba yakan fara da neman kuɗin jirgi. Mu da muka saba mun san jirgi ne abu na huɗu. Da farko takardu, sai tikitin wasa, sai wurin kwana, sannan jirgi. Wanda ya birkita wannan jeri zai iya tsintar kansa a wani shagon shayi yana kallon wasan a talabijin, alhali ga filin can yana jiyo ihun 'yan kallo.

Na ɗauki Rabat, babban birnin Maroko, saboda ba yau ba ne ƙarshen manyan wasanni a can. A nan aka buɗe gasar cin kofin nahiyar Afirka ranar 21 ga Disamba, 2025, a nan aka rufe ta ranar 18 ga Janairu, 2026. A nan 'yan matan Najeriya suka doke Maroko da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na gasar mata a watan Yulin 2025. Kuma Maroko na cikin ƙasashe uku da za su ɗauki gasar cin kofin duniya ta 2030, tare da Sifaniya da Fotugal. Yawancin abin da zan faɗa zai yi maka aiki a Nairobi ko Kampala a gasar Afirka ta 2027, sai dai ka canza sunan kuɗi da na tashoshi.

Abin da za ka tanada

Fasfo mai sauran wata shida ko fiye daga ranar da za ka shiga ƙasar, da shafi biyu ko uku da ba a buga komai ba. Katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ka sa shi cikin fasfo ka bar shi can, don ƙasashen Afirka da dama ba sa bari a wuce sai da shi. Wayar zamani mai batiri lafiyayye, domin tikitinka da shaidarka duk a cikinta za su zauna, tare da batirin ajiya da igiyar caji. Katin banki da ka tabbatar yana aiki a waje, ba wanda aka ce maka yana yi ba. Dala ko yuro a hannu, sababbin takardu marasa yaga ko rubutu. Kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu: soket ɗin Maroko irin na Faransa ne, don haka mutumin Maradi ba shi da matsala, amma na Kano mai kan caja mai ƙafa uku zai tsaya yana kallon bango. Sai tufafi gwargwadon lokaci. Idan gasar ta faɗo Disamba da Janairu, ka ɗauki rigar sanyi mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, da safa, da hula mai rufe kunne, da takalmi sau-ciki. Sanyin Rabat ba irin hunturunmu ba ne mai bushewa. Sanyi ne mai laima daga teku, ga ruwan sama a kansa, da dare kuma yakan sauka ƙasa da maki 10.

Ka kwafi fasfo da biza da takardar masauki a takarda, ka ajiye su daban da na ainihin.

1. Duba jadawali kafin ka ce Rabat za ka

Babban birni gidan mai masaukin baƙi ne. Can galibi ake wasan buɗewa da na ƙarshe, can tawagar ƙasar kan zauna. Ƙungiyar da kake goyon baya kuwa tana iya yin makonni ba ta taka birnin ba. A gasar 2025 birane shida aka raba wa wasanni: Rabat, Kasablanka, Fas, Tanja, Marrakesh da Agadir. Najeriya ta buga wasanninta uku na rukuni a Fas, da Tanzaniya da Tunisiya da Uganda, ta kara da Mozambik a can, ta tafi Marrakesh ta fitar da Aljeriya, sai ranar 14 ga Janairu ta iso Rabat wasan kusa da na ƙarshe da masu gida. Wanda ya biya ɗakin mako uku a Rabat don Super Eagles, mafi yawan kwanakinsa a jirgin ƙasa ya yi su.

Saboda haka ka yanke shawara tun farko: ƙungiya kake bi ko gasa kake kallo? In ƙungiya ce, ka kama ɗaki a garin rukuninta, ka bar Rabat sai an ga yadda ta kaya. In kuwa ƙwallo kawai kake so, babban birni ya fi ko'ina, don Rabat kaɗai filaye huɗu ta bayar a waccan gasar, kusan kullum akwai wasa kusa da kai. A ganina mai zuwa karon farko ya nufi makon farko. Wasanni sun fi yawa, tikiti ya fi sauƙi, kuma babu wanda aka kora gida tukuna, don haka gari cike yake da 'yan kallo na kowace ƙasa.

2. Izinin shiga ƙasa da shaidar ɗan kallo

Wasu manyan gasa sun koma haɗa biza da tikiti a manhaja ɗaya. Katar ta yi haka da katin Hayya a 2022, Maroko ta yi da manhajar Yalla a 2025. A cikin Yalla aka yi rajistar shaidar ɗan kallo, a cikinta kuma mai buƙatar biza, kamar ɗan Najeriya, ya nema. 'Yan Nijar a al'ada ba sa buƙatar biza zuwa Maroko, amma lokacin gasar an sa su cikin waɗanda za su nemi izinin tafiya ta intanet kafin su taso. Darasin a nan shi ne dokar da ka sani ta kullum tana iya canzawa saboda gasa, don haka ka duba shafin hukumar shirya gasar da na ofishin jakadanci, kada ka dogara da abin da wani ya yi bara.

Wurin cike bayanai ake yawan faɗuwa. Ka rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo. In fasfo ya ce Muhammed, kada ka gyara shi zuwa Muhammad don ka ga ya fi daidai. Ka ɗauki hoton shafin fasfon da rana, kusa da taga, ba tare da walƙiyar waya ba, don ƙyallin leda yana hana na'ura karanta layuka biyun nan na ƙasa. Hoton fuska kuma a jikin farin bango, babu tabarau. Idan manhajar ta ƙi karɓa a wayarka, gwada wata wayar kafin ka fara zargin fasfo. Sau da yawa kyamara ce matsalar.

Kada ka ba wani ɗan kasuwar biza fasfonka ya cike maka da lambar wayarsa da imel ɗinsa. Duk saƙon tabbatarwa wajensa zai riƙa zuwa, ranar wasa kuma kana bakin ƙofa shi yana barci a Legas.

3. Tikitin wasa

A shafin hukumar da ke da gasar kaɗai ake saye, CAF ko FIFA. Ana sakin tikiti kashi-kashi, kuma wani lokaci a ba masu wani nau'in katin banki damar fara saye kafin kowa. A gasar 2025 mafi arha ya fara ne daga dirhami 100, abin da bai wuce kuɗin abincin rana mai kyau ba. Tsada ba ita ce matsalar ba, samu ne. Tikitocin wasannin Maroko sun ƙare cikin ɗan lokaci, suka koma hannun 'yan bayan fage da farashi ninkin-ba-ninkin.

Ga yadda nake yi. Kwana biyu kafin ranar sayarwa ina buɗe asusu, in shigar da lambar shaidar ɗan kallo, in gwada katin banki da wata ƙaramar sayayya a shafin waje don in ga ko zai wuce. Katin naira yakan zo da iyakar abin da za a kashe a waje, kuma bankuna na canza iyakar ba sanarwa. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. In ba ka da shi, nemi ɗan'uwa amintacce ya biya da nasa, amma tikitin ya fito da sunanka da lambarka.

In tikitin wasan da kake so ya ƙare, kada ka yanke ƙauna. Ana sake sakin kujeru kwana biyu ko uku kafin wasa, musamman a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, lokacin da magoya bayan waɗanda aka fitar suka tattara. Mai sayar maka da hoton tikiti ta WhatsApp kuwa, ka sani hoton nan yana iya kasancewa a wayar mutum goma, kuma wanda ya riga isa ƙofa shi kaɗai zai shiga.

4. Masauki

Nan ne babban birni ke cin kuɗin mutum, kuma nan ne dabara ke aiki. Rabat gari ne na ma'aikatu da ofisoshin jakadanci, ba ta da yawan otal kamar Marrakesh, ga tawagogi da 'yan jarida da jami'ai sun riga sun kama manyan. Unguwar Agdal ta fi dacewa da baƙo: akwai babbar tashar jirgin ƙasa, akwai wuraren cin abinci, tituna a haske har dare. Unguwar Hassan da kewayen tashar Rabat Ville su ma suna da ƙananan otal masu dama-dama. A cikin tsohon gari akwai gidajen gargajiya da aka mayar masauki, masu tsakar gida da ado na tangaran, kyawawa ƙwarai a hoto. Amma mota ba ta shiga lungunan, da kanka za ka ja akwati, kuma da yawansu akwai sanyi da laima a hunturu. Ka tambaya tun kafin ka biya ko ɗakin na da abin ɗumama ɗaki.

In aljihu bai kai ba, ka ƙetara kogin Buregreg zuwa Sale. Gari ne daban amma manne da Rabat, jirgin taragon cikin gari na haɗa su, kuma ɗaki ya fi araha. In can ma ya cika, bi layin dogo: Kenitra ta arewa kamar rabin awa ce, Kasablanka ta kudu kamar awa ɗaya. Sharaɗi ɗaya ne, masaukin ya kasance kusa da tasha yadda za ka iya takawa da ƙafa.

Ka zaɓi ɗakin da za a iya fasawa ba tare da asarar kuɗi ba. Ƙwallo ba ta da tabbas. Mutum huɗu su haɗa kuɗi su kama gida mai kicin ya fi kowa ya kama ɗakinsa, amma ku nemi mai gidan ya ba ku cikakken adireshi a rubuce, don jami'in shige da fice zai tambaya. Mai tafiya da iyali ya riƙe kwafin takardar aure, wasu masaukai kan nema.

5. Jirgi da isowa

Rabat na da filin jirgi a Sale, amma ƙarami ne. Daga yankinmu kusan kowa Kasablanka yake sauka. Royal Air Maroc na tashi kai tsaye daga Legas da Abuja da Yamai da Akara, tafiyar awa huɗu zuwa biyar, galibi da tsakar dare ko asuba. Daga Kano ana iya bi ta Alƙahira. Ka yi hattara da tikiti mai arha da ya ratsa ta Faransa ko Sifaniya: mai fasfon Najeriya ko Ghana na buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, kuma tun a gida za a hana shi hawa.

Ka iso aƙalla kwana biyu kafin wasanka na farko. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko da ƙullin yaji ne, sai ka buɗe ka gani da idonka. Magungunan da ke ɗauke da tiramadol ko kodin ka bar su gida sai da takardar likita. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi za a ƙwace shi a kwastan.

Wurin buga hatimi za a rubuta maka wata lamba a fasfo. Ita otal za su nema a takardar da za ka cike, don haka ka san shafin da take. Kafin ka fita ka sayi layin waya na Maroc Telecom ko Orange ko Inwi, ka sa a kunna maka shi a gabanka. Ka canza kuɗi kaɗan kawai, na kwana ɗaya, don canjin cikin gari ya fi kyau. Naira da sefa ba za su yi maka amfani ba, shi ya sa tun a wurin 'yan canji na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja ake gama wannan lissafin. Tashar jirgin ƙasa na ƙasan ginin filin jirgin: ka sayi tikiti har Rabat, ka sauya jirgi a tashar Casa Voyageurs da ke cikin Kasablanka.

6. Zirga-zirga a cikin gari

Ƙananan tasi na Rabat shuɗaye ne, mutum uku kawai suke ɗauka, kuma da mita suke aiki. Da ka shiga ka duba an kunna ta; in direba ya ce ta lalace, ka sauka. Da dare ana ƙara rabin kuɗin, wannan doka ce ba cuta ba. Kada ka yi mamaki in ya tsaya ya ɗauki wani kana ciki, kowa nasa zai biya. Shuɗiyar tasi ba ta ƙetarawa Sale. Don haka sai jirgin tarago, ko manyan tasi farare da ake cikawa da fasinja. Tikitin taragon bai kai dirhami 10 ba, amma sai ka saka shi a na'ura ta buga bayan ka shiga, in ba haka ba masu duba tikiti za su ci ka tara.

Mai Faransanci ya huta. Mai Larabcin makaranta za a fahimce shi, ko da shi zai sha wuyar gane amsar, don Larabcin titi na can yana haɗiye wasula. Turanci sai wajen matasa.

7. Ranar wasa

Ka ba wannan rana gaba ɗayanta, kada ka haɗa ta da yawon kasuwa. Babban filin, na Yarima Moulay Abdellah, an rushe shi aka sake ginawa aka buɗe a Satumban 2025, yana ɗaukar mutum kusan 69,000, kuma yana gefen gari ta hanyar garin Tamara. Ana rufe titunan kewayensa sa'o'i kafin wasa, don haka duk abin da ka hau zai sauke ka nesa, ka ƙarasa da ƙafa. Ka tabbatar ma wane filin ne a tikitinka. A garin da ke da filaye huɗu, cewa direba "filin ƙwallo" kawai bai isa ba.

Ka cika waya da batirin ajiya. Ka buɗe tikitin tun a masauki, don idan mutum dubu sittin suka taru wuri ɗaya intanet kan tsaya cak. Ka ci abinci ka ƙoshi. Ka bar babbar jaka da lema mai tsini da kwalba da turare a ɗaki, za a karɓe su a shinge kuma ba ka da lokacin komawa nema. Tuta ka ɗauka ba sanda. Ganga da kakaki galibi sai ƙungiyar magoya baya da ta nemi izini.

Ka isa awa uku kafin a take ƙwallo in masu gida ne ke wasa, awa biyu in wasu ne. Shinge hawa-hawa ne: na farko a ga tikiti, na biyu a laluba jiki, na uku na'ura ta karanta. Lambar ƙofarka na jikin tikiti, ka nufe ta tun daga nesa, don zagaya irin wannan fili kaɗai sai ya ci maka minti ashirin.

Wannan maganar ta zuwa da wuri ba don samun kujera ba ce kawai. Ranar 24 ga Janairu, 2022, a filin Olembe da ke Yawunde, mutum takwas suka rasu a turmutsitsin bakin ƙofa kafin wasan Kamaru da Komoros. In ka ga taro ya cushe a ƙofar da ke rufe, kada ka shiga tsakiya. Ka ja baya ka tsaya gefe, ko an fara wasa. In kuwa ka riga ka shiga matsi, ka ɗaga hannuwa ka kare ƙirji, ka bi inda taron ya nufa kana zamewa gefe a hankali, kuma ko wayarka ce ta faɗi kada ka sunkuya.

Batun salla ka tsara shi tun a ɗaki. A hunturun Rabat rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, magariba kuma wajen shida da rabi, don haka wasan ƙarfe biyar zai ci magariba, na ƙarfe tara kuma kana layi za a yi isha. Ka fito da alwala, ka tambayi masu rigar aiki inda ake salla, kuma ka san hukuncin matafiyi kafin ka baro gida.

In ƙungiyarka ce ke karawa da masu gida, ka sa rigarka, babu laifi, mutanen Rabat na da karamci. Amma ka san za a yi ta fito da ihu duk lokacin da 'yan wasanku suka taɓa ƙwallo, har kunne ya yi zafi. Kada ka mayar da martani da zagi ko nuni da yatsa. Bayan an tashi ka zauna minti ashirin taro ya ragu. Kuma ka yi lissafin ƙarin lokaci: wasan Najeriya da Maroko an fara shi ƙarfe tara na dare, aka yi minti 120 babu ci, aka je bugun fenariti, sai wajen sha biyun dare aka watse. Mai kwana a Kenitra ko Kasablanka ya san lokacin jirgin ƙarshe tun da rana, ya kuma riƙe kuɗin babbar tasi ko da jirgin ya wuce. Idan masu gida suka ci, titin Muhammad na Biyar da kewayensa kan cika da motoci da ham har asuba. Ƙafa ta fi tasi sauri a irin wannan dare.

Wanda bai samu tikiti ba ya nufi dandalin 'yan kallo da ake kafa manyan allunan talabijin. Can ma ana bincike a ƙofa, kuma yana cika da wuri.

8. Ranakun da babu wasa

Rabat ba ta da wuyar zagayawa. Hasumiyar Hassan, wadda Sarki Yakubu al-Mansur ya fara ginawa aka tsaya bayan rasuwarsa a 1199, tana fuskantar hubbaren Sarki Muhammad na Biyar, shiga kyauta. Daga nan ka taka zuwa ganuwar Udaya a bakin teku, ka sha shayin na'ana'a kana kallon masu ƙananan kwale-kwale na ƙetarar da mutane zuwa Sale. Tsaraba kuwa sai titin Consuls a tsohon gari: jallabiya, takalman fata, darduma. Ana ciniki, amma a hankali, ba da faɗa ba.

Abinci ba zai ba ka wahala ba, kusan duk halal ne. Da safe msemen, wato soyayyen burodi mai falle-falle, da shayi, da dare miyar harira mai zafi, ranar Juma'a kuskus bayan an sauko masallaci. Yaji ne dai babu irin namu, ka taho da ɗan garinka. A masallaci za ka ji kamar kana gida, mazhabar Malikiyya ce, karatun kuma Warshu irin na makarantar allo. Sai dai masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, ka je kan lokaci. Masu son ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas su ware yini guda cur, jirgin ƙasa kusan awa uku ne zuwa kawai, kuma kada a sa ta ranar da ake da wasa da dare.

Ka adana lambar 'yan sanda, 19, da ta motar asibiti, 15, ka kuma san inda ofishin jakadancin ƙasarku yake. Amfanin babban birni ke nan, in fasfo ya ɓata ba sai ka yi wata tafiya ba.

9. Komawa

Ka duba ranar da izininka zai ƙare, ba ranar da gasa za ta ƙare ba, don ba lallai su zo ɗaya ba. In ƙungiyarku ta yi nisa kana son ƙara kwana, ka fara tabbatar da izinin kafin ka taɓa tikitin jirgi. Dirhami ba ya canzuwa da daraja a wajen Maroko, kuma akwai iyakar abin da aka yarda a fita da shi, don haka ka mayar da ragowar zuwa dala ko yuro kafin ka wuce shingen fita, ka riƙe rasit ɗin canjin farko ko da za a nema. Washegarin wasan ƙarshe kowa ke tafiya lokaci ɗaya: ka sayi tikitin jirgin ƙasa tun kwana biyu kafin nan, ka bar Rabat awa shida kafin tashin jirginka, ka kuma auna akwati a masauki, don darduma da jallabiya sun fi yadda ake zato nauyi.